Bakin Inna a Cikin Zane

Wata biyu da rasuwar Inna, mai zanen da ke maƙwabtaka da shagon ɗinkinta ya aiko mana da hotonta. Yaya ya rataye shi a falo. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

A zanen tana zaune bayan kekenta, ta tsuke baki tam, idonta na kan ƙofa. Ga wani koren yadi a cinyarta, ba a gama ɗinka shi ba.

Gwaggo ta gyara tabarau ta ce, "Wannan baki na fushi ne. Kuma ku dubi inda take kallo. Ƙofar da wata ta fita ta bar ta da aiki."

Da ni take. Mun yi faɗa da Inna, na bar shagon na koma gyaran gashi, kuma ba mu shirya sosai ba har ta kwanta ciwo.

Yaya ya ce, "Gwaggo, ke ko hoton kaza aka nuna miki sai kin ce da wani take gaba."

Ban yi dariya ba. In ina shara, bakin nan yana bayana. Na juya kujerata na ba hoton baya, na sake juyo ta. Rana ta huɗu na nufi wurin mai zanen. Sau uku ina wuce ƙofarsa.

Ya leƙo ya ce, "'Yar tela, shigo mana, kin kusa haƙa min rami."

Na tsaya ina murza gefen mayafina. "Baba, ranar da ka zana ta... fushi take yi?"

"Fushi? Fil ne a bakinta, ƙananan alluran nan na riƙe yadi, har huɗu. Na ce ta cire, ta ƙi, wai aiki take. Na ga za su ɓata hoton, sai ban sa su ba."

"Ƙofar fa?"

"Kowa ya gifta sai ta ɗaga kai. Ta dai ce koren yadin na wata mai taurin kai ne, ba ta da awonta na yanzu."

Na koma gida da sauri, na sauko da hoton a gaban Gwaggo, na rungumo shi zuwa shagonsa.

Na ce, "Baba, a mayar mata da fil ɗinta. Duka huɗun."