Maganinta Doguwar Tafiya

Yana ƙara wuta sitiyari ya fara rawa a hannunsa, sai ƙarar nan ta biyo baya daga tayoyin gaba, wuu-wuu-wuu. Baban Likita ya rage gudu yana murmushi. Sabuwar mota fil ta ba mutum matsala amma yana jin daɗi, kuma yana da dalilinsa.

Motar lantarki ce, ɗansa likita ya aiko masa daga birnin da yake aiki. Ko tari ba ta yi. In ka kunna ta shiru kake ji, irin shirun gidansa tun rasuwar matarsa. Da can sai a yi wata bai ji muryar likitan ba, amma tun da aka ce mota tana ƙara, kullum sai ya kira. Jiya har cewa ya yi, "Baba, a kai ta a duba. In babbar matsala ce, ƙarshen mako zan zo da kaina." Wannan "zan zo" ɗin dattijon ya riƙe hannu bibbiyu.

Mai gyaran taya, wani ƙato mai barkwanci, ya ɗaga motar da jak. Ya juya tayoyin, ya nemi ƙusa bai samu ba, ya shafa su da tafin hannu, sannan ya sa ma'auni a bakin bawul.

"Baba, motarka tana da iska."

"A'uzu billahi."

"Ta taya nake nufi," in ji shi yana dariya. "Cika su ake yi tam kafin a loda mota a jirgi. Mantawa aka yi ba a rage ba."

"Shi ke nan?"

"Da saura. Kawo hannunka." Ya ɗora hannun dattijon a kan robar. "Ka ji nan ya ɗan baje? Ta daɗe tsaye wuri ɗaya, nauyin batir ya danne ta. Mai inji da ta rufa wa tayar asiri da nata rugugin. Wannan kuwa bebiya ce, komai sai ka ji."

"Ƙara dubawa dai. Ko ƙafar ce ta lanƙwashe?"

"Garau take."

"Batir fa?"

Mai taya ya miƙe ya dube shi. "Baba, kai ne na farko da na ce wa lafiya lau ya ɓata rai. Maganinta doguwar tafiya a kwalta mai kyau. Robar ta ɗau zafi, ta koma daidai. Ka kai wa wani na nesa ziyara mana."

Dattijon ya koma cikin motar ya zauna, bai tayar ba. Wa zai je wa? Yayarsa ta rasu. Abokan aikinsa na gidan waya, wasu ƙasa ta rufe, wasu ko lambarsu ba shi da ita. Ya so ya ce wa likitan matsalar babba ce, to amma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma gemu ya yi fari. Ya danna kiran ɗan nasa.

"Sun ce ba komai. Iska ce ta yi yawa, sai taya da ta gaji da zama."

"Alhamdu lillahi. Ka ga an hutar da ni hanya."

"Sun dai ce sai ta yi doguwar tafiya." Ya gyara murya. "Shi ne na ce ko in taho wajenku, in ga yaran."

Can ta wayar ya jiyo ana kiran wani a lasifikar asibiti.

"Ai Baba ba sai ka wahala ba. Makon nan aiki ya yi mini yawa, su kuma jarrabawa suke. Ka hau titin bayan gari ka yi ta zagayawa. A wajen taya duk ɗaya ne."

"Haka ne," in ji dattijon. "Duk ɗaya ne."

Ya hau titin bayan gari. Ya wuce gidan mai da masana'antar kwali, ya sha kwana ya dawo, ya sake wuce su. Mai taya bai yi ƙarya ba. A hankali rawar sitiyarin ta lafa, ƙarar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har ta ɗauke ɗif. Ya kasa kunne, babu komai.

Sai ya sauke gilashi don ya ji ƙarar motocin mutane.