Waƙar Alfadari

Darlene ta fizge wayar rediyon daga bango, waƙar ta yanke a tsakiyar baiti. Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da tukunyar wake da burodin masara.

"Baba, an gama wannan a gidan nan," ta ce. "Mutum yana bakin kabari yana sauraron waƙar mashaya?"

Delmer Tackett, maƙwabcina tun ina amarya, yana kwance da bututun iska a hanci. Ƙurar ramin kwal ta gama da huhunsa, magana ma sai ya tattaro ta da ƙyar.

"Ovella, gaya mata... gidana ne."

Na dire tukunyar. "Darlene, mayar masa da abinsa. Me ya rage masa da za ki ƙwace?"

"Anti Ovella, don Allah ki tsaya a wakenki."

Ni! Yarinyar da na goya, na share wa majina. Raina ya ɓaci, na haɗiye ne kawai saboda marar lafiya.

Duk wanda ya tashi a kwarin nan namu na gabashin Kentucky a Amurka, da muryar Odell Crase ya tashi. Ya daɗe da mutuwa, amma har yau jitarsa da gogensa ne a shagon aski da cikin kowace a-kori-kura. A waƙoƙinsa kaf, ɗaya Delmer ya riƙe: ta mutumin da ya sayar da alfadarinsa ya shanye kuɗin, ya tako gida da ƙafa, matarsa ta buɗe masa ƙofa duk da haka. Mutane dariya suke yi idan an sa ta. Delmer bai taɓa yi ba, don tasa matar, marigayiya Nadine, ta sha buɗe masa irin wannan ƙofar kafin ya bar kwalba.

Da Darlene ta fita shanya, ya kamo wuyan hannuna.

"A sa mini ita kafin a rufe ni. Nadine za ta ji... ta san ni ne."

"Kai dai ka ci waken nan, tsohon banza."

"Ki ce to."

Na ce to.

Da hantsi ya cika, ranar wata Talata. Kafin yamma kicin ya cika da soyayyun kaji da matan coci. A nan na tare Fasto Hoyt, yana tsaka da cinyar kaza.

"'Yar'uwa Ovella, kin fi kowa sani, a cocinmu murya ce kawai. Ko jita ba ma shigarwa, balle waƙar giya."

"Wa ya ce coci? Bakin kabari na ce. Ko can ma naka ne?"

"Iyali ke da magana," ya ce, ya dubi Darlene.

Ta ajiye cokalin hannunta. "Ke waƙa kika ji ta katanga, Anti. Ni ce nake ɓuya ƙarƙashin teburin nan idan ya dawo yana rera ta. Uwata tana buɗe ƙofa, ni ina fitsari a wando. Ba za a binne ubana da ita ba."

Gaskiya ta faɗa, na sani, ina nan aka yi. Amma mutumin ya fi rabin rayuwarsa bai ɗanɗana giya ba, shi ya sayar da gonarsa ta yi karatu, kuma da sauran numfashinsa ya roƙa. Na ɗauki tukunyata na fita ban yi wa kowa sallama ba.

Kai kaset bakin kabari a kunna a kan idonta, wannan ba zan iya ba. Amma rediyon mota ba na kowa ba ne. Na buga wa gidan rediyon garinmu, inda Lonnie yake karanta sanarwar rasuwa da tsakar rana sannan ya sa zaɓin masu sauraro.

"Ta alfadari? Don Delmer? Ki bar mini, Anti, ina gama sanarwa za ki ji ta."

Ranar jana'iza na kai a-kori-kurata dab da kabarin, na sauke gilasai, na bar rediyon ƙasa-ƙasa. Fasto Hoyt yana addu'a, Lonnie yana tallan taya. Aka rera waƙar coci, Lonnie yana farashin shanu. Aka sauke akwatin, shi kuwa ya samu wani sarkin surutu a waya suna gardamar ƙwallon kwando. Na tsaya ina cizon leɓe, ina zaginsa a zuci, shi da taya da shanun. Hadari ya taso, Fasto ya gajarta, jama'a suka watse zuwa cin abinci.

Estill mai haƙar kabari, tsoho ne sa'an Delmer, ya jira ni har ya gaji.

"Ovella, ruwa zai cika ramin nan."

"Ka ɗan ƙara."

"Na ƙara ai."

Ya hau katafilarsa ya fara tura ƙasa. Ina jin yadda take faɗa wa murfin akwatin, har ƙarar ta daina zama ta katako. Sai ga gogen Odell Crase ya tashi daga motata.

"Estill! Kashe! Kashe wannan tsiyar!"

Ya kashe injin. Na murɗa rediyon har ƙarshe, ina kuka don haushi, domin an riga an rufe shi, ko kusurwar akwatin ba a gani. Estill ya sauko ya cire hularsa.

Can bakin ƙofar maƙabarta mota ɗaya ta rage, ta Darlene, hancinta na kallon titi, jajayen fitilun birki a kunne. Gilasanta a rufe suke. Yayyafi ya fara sauka a kan jar ƙasar, motar ba ta motsa ba har mai alfadarin da ke cikin waƙar ya iso ƙofar gida.