Lambar Goggo a Hannun Mai Walda

Ranar da kamfanin 'yan ƙasar waje ya kunna sabuwar hasumiyar waya a bakin kasuwa, gari ya ruɗe. Tun da yaƙi ya cinye tsohuwar ba wanda ya ƙara jin kukan waya, sai ga shi har mai gyaran takalmi yana ɗaga tasa sama yana neman sabis. Goggo ma, da ta dawo daga gudun hijira bayan wata da watanni, ta tono tata daga ƙasan akwati, ta kai caji, ta kunna. Shiru kake ji.

Ita ba hira ce ta dame ta ba. Ɗan ƙanenta da ta raina tun yana goye, shi ya laƙaba mata Goggon da kowa ke kiranta da shi, a rububin gudu suka rabu, ya hau wata mota ta hau wata. Ba abin da ya tafi da shi nata sai lambar wayarta, wadda ta sa ya haddace tun yana ƙarami. In yana raye, ta nan zai neme ta.

Ofishin kamfanin kwantena ce da aka shafa wa fenti, da fanka da kujerun roba. Ma'aikaciyar ta karɓi tsohon layin, ta danna kwamfuta.

"Mama, ai wannan ya mutu. Tsohon kamfanin ya rushe, an sake raba lambobin. Sabo za mu ba ki, kyauta."

"'Yar nan, in yi me da sabo? Wa ya san shi?"

Da ma'aikaciyar ta ji labarin yaron sai tausayi ya kama ta. Ta kira lambar da wayarta, wani ya ɗauka cikin ƙarar ƙarafa, ya ce shi mai walda ne a bayan tasha.

Goggo ba ta sha wahalar gane shagon ba, don ga lambarta nan ɓaro-ɓaro da jan fenti a jikin ƙofa. Mutumin kuwa aiki ya yi masa yawa: kamfanin ya ba shi aikin shingen hasumiyoyi, ga duk wanda ya dawo gyara gidansa ƙofa yake nema da taga. Ya saurare ta har ta gama, yana sosa ƙeya.

"Wallahi Goggo, da jiya na same ta da na ba ki. Amma yanzu abincin 'ya'yana a kanta yake."

Ba ta ga laifinsa ba, shi ma daga gudun ya dawo. Ta dai tambaya, "Ba wanda ya taɓa kira yana neman wata tsohuwa?"

"Masu kuskuren lamba kam suna kira. Ni kuwa in ina kan aiki, da na ji ba maganar ƙarfe ba ce sai in kashe."

Ta zauna a benci tsakanin guntayen rodi. Shi kuwa kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya koma kan waldarsa.

Ana haka wayar ta yi ƙara. Ya kashe inji, ya ɗage gilashin fuskarsa, ya sa ta a lasifika.

"Lambar Goggo ce, tana nan kusa. Wa ke magana?"

Kafin a amsa har ta miƙe tsaye, hannu a ƙirji.

"Wace Goggo kuma? Ba mai walda ba ne? Tagata fa?"

Ya sallami mai tagar. Goggo ta koma ta zauna a hankali, abin tausayi, tana gyara mayafin da bai zame ba.

"Daga yau haka zan riƙa ɗauka," in ji shi. "Ko ina kan tsani ne."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ta ce. "Sai dai ka riƙa ɗaga murya. Kunnensa na hagu ba ya ji sosai."