Kalma Tara a Takardar Asibiti

Ranar Talata abin ya faro, ana wani ɗan yayyafi wanda ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe a cikinsa. Auta ya fito daga asibiti riƙe da hannun Baba, ya cusa wata takarda cikin riga don kada ruwa ya taɓa ta. Kwanansu goma sha ɗaya ke nan a ƙasar da ba mai jin Hausa sai tafintar asibiti. Idon Baba na hagu ya daɗe da tafiya. Na dama ne ya rage, shi ma ya soma dusashewa, har sa zare a allura ya gagari mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗinki. Likita ya ce ranar Alhamis da ƙarfe goma za a sa shi barci a yi masa aiki, kuma idon ba zai jira kowa ba.

Auta gyaran babur yake yi a gida, tun da ya bar makaranta a aji biyu na sakandare. Amma a kwanakin nan ya samo wa kansa makaranta: wani ɗan gidan abinci da ke kallon masaukinsu, mai tebur shida da fanka mai ƙara. Kullum sai ya nuna abin da bai taɓa saya ba, ya kwafi sunansa harafi-harafi daga takardar jerin abinci zuwa cikin ɗan littafinsa, ya zana hotonsa a gefe. Matar da ke da wurin takan faɗa masa yadda ake kiran abin, ya maimaita, ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Kalma sittin da huɗu ya tara. Ya kuma gano wata dabara: idan aka yi maka dogon Turanci, ka gyaɗa kai kawai, abinci zai zo, kuma bai taɓa zuwa ba daidai ba.

"Kai dai Turancinka duk na ciki ne," in ji Baba. "Ko gaisuwa ba ka iya ba, amma ka san sunan kifi kala uku."

Duk da haka, duk wanda ya bugo waya daga gida sai Baba ya shaida masa, "Ai Auta ya zama Bature."

To a ranar Talatar nan tafinta ta makara. Nas ta miƙo takardar, ta yi dogon bayani tana nuna agogon bango, ta yi masa alamar ya zauna ya jira tafinta. Auta ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, ya ja Baba suka fito.

A ɗaki ya shimfiɗa takardar a kan gado. Layi huɗu na sama sun yi masa duhu, ya tsallake su. A ƙasa kuwa jeri ne, kalma bisa kalma. Murna ta kama shi. Ƙwai. Burodi. Madara. Shayi. Bota. Ayaba. Lemo. Zuma. Ruwa. Tara cif, duk 'yan littafinsa ne, bai ko buɗe shi ba.

"Baba, sun rubuto abin da za ka ci da safe, don ka samu ƙarfin aiki!"

Baba ya ce, "Anya? Lokacin da aka yi wa kawunka aiki kamar hana shi abinci aka yi."

"Wancan ai da ne, Baba. Nan ilimi ya yi nisa."

Ranar Laraba yayarsa ta kira daga gida. "Ɗan autan Inna, ɗauki hoton takardar ka turo, maigidana ya karanta mana."

Maigidan nata shi ne mai ce wa Auta injiniyan gindin bishiya a gaban mutane. Auta ya ce to, anjima. Ya sa wayar a aljihu.

Da safiyar Alhamis ya zaunar da Baba a teburin da ke kusa da taga. Bai nuna komai da yatsa ba. Ya tsaya ya jero kalmomin nan tara da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya, har mai wurin ta tafa masa. Tebur ya cika. Baba ya ce ƙwai ɗaya ya ishe shi.

"Ci na biyun, Baba. Likita ne ya ce."

Baba ya ci. Ya shanye shayin, ya kora da lemo.

Ƙarfe tara da rabi an riga an sa wa Baba doguwar rigar asibiti mai igiya a baya, yana kwance a gado mai taya, an ɗiga masa magani a ido. Nas ta zo da biro da allon rubutu, tafinta na gefenta. Ta yi tambaya, tafinta ta juya: "Yaushe rabon Baba da abinci?"

Auta bai bari Baba ya amsa ba. Ya matso ya fuskanci nas, ya jero mata da Turanci yana lanƙwasa yatsu, ya ƙare da nuna agogo: ƙarfe takwas.

Biron nas ya tsaya cak. Ta dubi Auta, ta dubi Baba, ta fita da sauri.

"Ɗan'uwa," in ji tafinta a hankali, "ina takardar da aka ba ku?"

Ya zaro ta. Ta ɗora yatsa a kan layukan nan huɗu na sama ta karanta masa da Hausa. Daga tsakar dare kada majiyyaci ya sa komai a bakinsa, ko kaɗan ne, har da waɗannan. Sai ta bi jerin da yatsa har ƙasa.

Auta ya dafa ƙarfen gadon.

"Idan aka sa mutum barci da abinci a cikinsa, zai iya dawowa ya shiga huhu," in ji ta. "Allah ne ya sa ka faɗa."

"To a jira zuwa la'asar mana! Zai narke. Ko in sa shi ya amayar, wallahi yanzu..."

"Likitan yana da mutum huɗu a bayanku, da azahar zai yi tafiya. Sai ya dawo."

"Yaushe?"

Ta leƙa waje ta tambayo. "Kwana goma sha tara."

Auta ya juya ga Baba yana jiran faɗa, yana ma roƙonsa a ransa. Baba yana kallon silin da idon da ya rage. Can ya laluba gefen gadon.

"Auta, miƙo mini hulata."

Abin da ya ce ke nan har suka kai masauki. Mai gidan abinci ta hango su ta ɗago hannu tana murmushi, Auta ya sunkuyar da kai kamar bai gan ta ba.

An yi aikin bayan kwana goma sha tara. Likita ya ce, ta bakin tafinta, abin da ya tafi a tsakanin nan ba zai dawo ba. Yanzu Baba yana gane fuska idan an matso, yana ganin ƙofa da matakala.

Abin da aka rasa: ranar aiki ɗaya, kwana goma sha tara, kujera biyu a jirgin komawa, da rabin ganin idon dama. Kafar allura Baba bai ƙara ganinta ba. Littafin yana nan a jakar Auta, kalma sittin da huɗu, ba a ƙara ko ɗaya ba.