Gwaibar Mallam Bubayaro

Duk shekara, kafin damina ta faɗi, Mallam Bubayaro yakan kwaso 'yan ajinsa na Turanci ya kawo su gidansa a Dogo Tebo, ya tsayar da su gindin gwaiba, adda a hannu. Kalma ɗaya tal yake koya musu ranar, prune. Ba sarewa ba ce, in ji shi, rage wa bishiya kaya ne don ta sake jiki ta yi 'ya'ya. Sai ya datse reshe, yara su amsa da ƙarfi, "Furun!" Matarsa Gogo Yakaka tana bakin murhu tana dariya, wai Turancin nan akuyoyinta kaɗai yake amfana, tunda su ke cinye ganyen.

Tun da Mallam ya rasu, Gogo ta hana kowa taɓa bishiyar. Ko ganye ka tsinka, ranar sai ka ji ba daɗi. Gwaiba kuwa ta samu sake. Rassa suka cunkushe, suka haye kwanon ɗaki, 'ya'yan suka ƙanƙance, daga baya ma ta daina yi.

Abbas, ɗan ƙaninta da ke kula da gidan, ya gaji. "Gogo, kwanon nan ya fara yoyo. Gobe zan kira masu inji su sare ta daga tushe."

Hankalin Gogo ya tashi. Ta zauna gindin bishiyar, kewar mijinta ta cika mata ciki. Tana kallon tsohon tabon adda a jikin itacen, sai ta tuna Mallam bai taɓa barin shekara ta wuce bai datse ta ba. Ashe ita ce ke kashe ta da so.

Da safe ta zaro addar daga bayan ƙofa, ta wasa ta a dutse, ta miƙa wa Abbas.

"Ba za a sare ta ba. Furun za ka yi mata."

Abbas ya yi murmushi, don shi ma tsohon ɗan ajin Mallam ne. "Daga ina zan fara?"

Ta nuna wani busasshen reshe na ƙasa.

"Gogo, nan fa Baba yake rataye hularsa."

"Na sani. Da yana nan, da shi zai fara."

Reshen ya faɗi. Gogo ta ɗauke shi da hannu biyu, ta wuce murhu ba ta ko kalle shi ba, ta shige da reshen ɗakinta.