Ranar da Harawa Ta Danne Kawu

Kawunmu, wanda ake kira Ƙanƙamo a bayan idonsa, ba ya wasa da abincin dabbobi. Da damina ta ja baya sai ya wasa lauje ya shiga yankan ciyawa, ya shanya ta ta bushe, ya haɗa da harawar wake, ya ɗaure dami-dami domin lokacin sanyi. Matsalarsa ɗaya ce: ya fi son ganin harawar a jibge da ganin ta a bakin akuya.

Wata shekara ya tara abin da bai taɓa tarawa ba. Rumfar ajiya ta cika maƙil, sai ya ce sauran a saman ɗakin kwanansa za ta zauna, inda ko ɓera ya taɓa zai ji. Matarsa, Inna, ta tuna masa cewa azarar ɗakin ta girmi ɗansu na fari, kuma gara ta daɗe tana shagali a cikinta. Ya ce ciyawa ai ba ta da nauyi, ta kula da tukunyarta.

Ashe damina ba ta gama sallama ba. Aka kwana ana yayyafi, harawa ta sha ruwa ta ƙoshi. Washegari da rana Kawu ya shiga ɗaki ya kishingiɗa, Inna tana wanki a tsakar gida, sai ta ji rugum. Rufi da kayansa sun sauka a kan Kawu.

Kafin maƙwabta su iso, awaki sun tsinke igiya sun haye tarin, suna ci hannu baka hannu ƙwarya. Inna ta ruga tana salati, har ta jiyo muryarsa daga ƙasa. Ba ceto yake nema ba, cewa yake a kori awakin.

Nan hankalinta ya kwanta. Ta gyara ɗaurin zani ta ce, "Maigida, ai su ne ke tono ka. Yi haƙuri su gama aikinsu."

Maƙwabta suka janye azara suka zaro shi ta ƙafa, kunnuwansa cike da ganye, ƙaurinsa ya ɗan kuje. Ko sannun da ake yi masa bai amsa ba, ya ɗingisa ya bi bunsuru da sanda.

Dole aka baza jiƙaƙƙiyar harawar a tsakar gida don kada ta yi hunhuna, dabbobin unguwa kuwa suka riƙa zuwa jaje kullum.

Da kafinta ya zo gyara, Inna ta ja shi gefe suka yi ƙus-ƙus. Sai ga rufin kwano mai gangara kamar goshin jirgi. Kawu ya hau tsani ya gwada ɗora dami ɗaya. Damin ya sulalo ya dire a gaban bunsurun.