Ranar da Aka Katse wa Kanar Dusek Magana

Mijina Harlan Dusek ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa jiragen yaƙi a sansanin da ke bayan garinmu, cikin hamadar Mojave. Da ya yi ritaya da muƙamin kanar sai ya koma gyaran tsohuwar motarsa da faɗa da maƙwabta a kan karnukansu. Shi ya sa na yi mamaki da wani kamfani ya gayyace shi bikin nuna sabon jirginsu marar matuƙi.

"Me za su yi da kai?" na tambaye shi.

"Ado mana, Loretta. Tsoho suke so mai lambobin yabo a ƙirji, ya tsaya kusa da abin a ɗauki hoto."

Duk da haka sai da ya sa na goge masa kakinsa.

Jirgin baƙi ne wuluk, siriri kamar tsinin mashi, ba taga ba kujera. Shugaban kamfanin, Tobin Marsh, ya hau dandamali yana washe haƙora. Ya ce gudunsa ya ninka na sauti sau biyar, ba makamin da zai tare shi, zai tsallaka teku kafin kofinka ya huce. "Abokin gaba," in ji shi, "ko wayar tarho ba zai samu damar ɗagawa ba." Janar-janar da 'yan majalisa suka kaure da tafi.

Aka kira Harlan. Ya ce ya tuƙa jirage iri-iri, amma bai taɓa ganin kamar wannan ba. Sai ya ajiye takardar jawabin da suka rubuta masa.

"Wata rana an tura ni in tare wani jirgi da ya nufo gaɓar teku, ana kiransa ba ya amsawa. Aka ce in shirya harbi. Na matsa kusa na leƙa, sai ga tagogi a jere, ga wata mata tana ba jaririnta madara. Fasinjoji ne, rediyonsu ya lalace. Ni na samu lokacin leƙawa. Wannan abin naku, wa zai leƙa? Kuma mutanen can ƙetare, in suka ga ɗigo a na'urarsu yana tahowa da irin wannan gudu, kuna tsammanin za su tsaya tambaya ko hoto ya zo ɗauka ko bam ya ɗauko? Maɓallin nasu makamin za su danna, ku kuma ku..."

Lasifika ta mutu. Kiɗa ya tashi. Marsh ya rungume shi kamar ubansa, yana tura shi ƙasa da dabara.

"Cika ni, ɗan nan," in ji Harlan. "Ban gama ba."

"Ka gama, Kanar. Mun gode ƙwarai."

Bayan kwanaki muna cin abinci sai ga shi a talabijin, cikin tallar kamfanin, lambobi na ƙyalli: "Ban taɓa ganin kamar wannan ba." Shi ke nan, sauran an yanke. Harlan ya yi jifa da cokali har ya fasa min faranti. Ya kira jaridar garinmu, editan ya ce, "Haba Kanar, rabin garin nan a kamfanin suke cin abinci." A coci ma mutane suka fara kau da kai in mun shigo.

Bai daina ba. A gidan kofi, a gidan mai, a wajen aski, duk wanda ya tsaya sai ya ji labarin tagogin nan, har aka riƙa cewa tsufa ya taɓa masa kai.

Bara zuciyarsa ta tsaya. Ba mu gama karɓar gaisuwa ba kamfanin ya sanar cewa sabon samfurin jirgin, wanda ya fi na farko gudu, za a kira shi Dusek, don karrama gwarzon garinmu. Na je wajen lauya don a hana su. Ya ce sunan ba mallakata ba ne.

Ranar da suka gwada jirgin, ƙararsa ta tsaga gilashin tagar kicin ɗina. Sun turo mai gyara, na kore shi.